Taƙaddama ce ko mamaya? Edita a duba kalmar nan

Assalamu alaikum Edita,

Ya aiki, ya haƙuri da mu masu ƙorafi. Wani abu ne ya daɗe yana cina a rai, duk sanda kuka kawo labarin Gaɓar Yamma da Kogin Jodan sai naga kun rubuta "yankin da ake taƙaddama a kansa". Shekaranjiya a teburin mai shayi nan Tudun Wada har musu ya kaure kan kalmar nan, sai wani yaro ɗan ABU mai karatun lauya ya zaro waya ya buɗe mana taswira, wallahi ina kallo har shayina ya huce a hannu.

Inda hukumar Falasɗinawa ke da iko ɗigo-ɗigo ne kamar jikin zabuwa, gari nan gari can, tsakaninsu shingayen soja. Yarjejeniyar Oslo ta 1995 tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa ce ta yanka wurin uku, A da B da C, shi C ɗin kusan kashi 60 cikin 100 ne kuma kacokan yana hannun Isra'ila, aka ce na wucin gadi ne shekara 5, toh yau shekara 30 ake magana, kuma a cikinsa ake ta gina matsugunan Yahudawa, in ka haɗa da na gabashin Ƙudus mutanen sun haura 700,000.

Ni fa ban ce Isra'ila ba ta da abin da take kafa hujja da shi ba. Cewa take sanda ta ƙwace wurin a yaƙin kwana shida na 1967 a hannun Jodan yake, ita kuma Jodan galibin ƙasashen duniya ba su yarda da haɗe shi da tayi a 1950 ba, saboda haka wai ba ƙasar kowa aka mamaye ba, ga kuma tarihin kakanni, shi yasa ma suke ce masa Yahudiya da Samariya. Ku kawo wannan mana, amma ku ce inji Isra'ila.

Mu nan ai mun san rigimar gona. In mutum biyu suka je gaban dagaci ko alƙali, cewa ake kowa ya cire hannu sai an yanke. Wanda ya sauke tifar yashi da bulo ya kewaye filin, ya aje maigadi, ya ce wa ɗayan sai da takardar izini zai shiga ya tsinki zaitun ɗin da kakansa ya dasa, wannan ba jiran hukunci yake ba.

Kuma ma ai an yi magana. Ranar 19 ga Yulin 2024 Kotun Duniya da ke Hague ta ce zaman Isra'ila a wurin ya saɓa doka, ta tattara ta fita da gaggawa. Eh shawara ce, ba ɗan sandan da zai je ya tilasta, amma kalmar da alƙalan suka yi amfani da ita mamaya ce. Ita ma Najeriya tun 1988 ta amince da ƙasar Falasɗinu.

Roƙona dai ku dinga rubuta "yankin da Isra'ila ta mamaye". Ranar Juma'a in na sauko masallaci zan biya PZ in sayi jaridar in duba.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya