Sanarwa kan takardun da ake turowa ta fom ɗin shafinmu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu kula da rajistar ɗalibai a ofishinmu na Jos sun yi ƙorafin cewa sun duba ma'ajiyar hotuna ta WordPress, wato manhajar da shafinmu yake kanta, ba su ga takardun da aka turo ba. Ba za ku gan su a can ba.

Fom ɗinmu da Contact Form 7 aka haɗa shi, wato wata ƙaramar manhajar haɗa fom a WordPress. Shi kuwa ba ya ajiye fayil: yakan riƙe shi na ɗan lokaci a cikin wp-content/uploads/wpcf7_uploads, ya maƙala shi a imel, sannan ya goge. Ke nan kwafin da ya shigo imel ɗin ƙungiya shi kaɗai muke da shi. Don Allah kada kowa ya sake goge saƙo a akwatin imel ɗin nan, a sauke takardun tukuna a adana.

Wanda ya ce fom ya ƙi karɓar fayil ɗinsa, a tambaye shi girmansa. Ba mu sauya iyakar girman fayil da fom ɗin ya zo da ita ba, wato megabait 1, hoton waya kuwa yakan wuce haka.

Takardun haihuwa da sakamakon jarabawar ƴaƴan mutane ne, amana ce. Kada a turo su cikin wannan rukuni.