Rahoton ayyukan ƙungiyarmu na shekarar 2025: ziyarar tsofaffi a Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa, maza da mata.

Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi dala-dala ranar taro. Ni nawa in faɗi inda ƙafarmu ta taka bana da inda ta kasa.

Da muka fara wannan aiki mun ɗauka yunwa ce babbar damuwar tsofaffin unguwanninmu, shi ya sa kuɗin bara ya ƙare a shinkafa da sukari. Ziyarar ranar Alhamis da muka tsayar bana ta nuna mana wani abu daban. Nan Adar ba wanda za a gaya wa bida: da an kai amfanin gona rumbu, samari sun kama hanyar Abijan, Legas, Libiya ko Aljeriya, wani ya shekara uku bai leƙo gida ba. Yawancinsu ba su yar da iyayensu ba, aike na zuwa ta kamfanonin aika kuɗi, NITA ko Al Izza. Sai dai kuɗi ba ya amsa sallama, ba ya tambayar yadda aka kwana.

Wata Inna a Wadata ce ta buɗe mana ido. Mun tarar da buhun gero a ɗakinta ko ɗinkin ba a farke ba, ta ce girkin mutum ɗaya ba ya yi mata daɗi. Ɗanta ya aiko mata babbar waya daga Kwaddibuwa, ta naɗe ta a tsumma ta tura ƙarƙashin katifa, don yanar ido ta rage mata gani, kuma ba ta san inda ake taɓawa ba. Wata ɗiyarmu ta sa wayar a caji, ta buɗe WhatsApp, sai ga saƙonnin murya jere tun na watan azumi. Sau uku Inna ta sa aka maimaita na farko. Da aka ce ta mayar da amsa, ta gyara kallabi kamar yana ganinta, ta gaida jikokinta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Yaran maƙwabta, da suke kiranta mayya saboda tana magana ita kaɗai, ranar suna bakin ƙofa suna kallo. Mun je mun yi magana da iyayensu. Tun daga nan duk tawagar da za ta fita sai an sa mata kuɗin intanet, kuma a ganina ba kuɗin da muka kashe da ya kai wannan amfani.

Abin ba a Tawa kaɗai yake ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yunin 2025 ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, kuma ya danganta shi da mutuwar mutum sama da 871,000 a shekara, ta hanyar ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da makamantansu. A Nijar kuwa, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, hankalin masu ba da tallafi yana kan yara da masu ciki. Fanshon CNSS (asusun ma'aikatan kamfanoni) da na CARENI (asusun ma'aikatan gwamnati) na wanda ya ci albashi ne. Tsohon da ya ƙare ƙarfinsa a gona ko a kasuwa, ƴaƴansa ne fanshonsa.

Rakiya zuwa likita ita ce ta biyu wajen cin lokacinmu. Tun watan Satumban 2024 aka rage rabin kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati, amma mun samu tsofaffin da labarin bai kai musu ba. Waɗanda suka ji ma, wa zai kai su ya kama musu layi? Mai ciwon gwiwa ba ya hawa kabu-kabu, dole a ɗauki adaidaita zuwa da komowa. Hawan jini da ciwon suga muka fi gani.

Mata sun riƙe masu takaba. Wata huɗu da kwana goma ne, kuma da an yi sadakar arba'in gida ya watse. Samarin wata fada a Bilbis su ma sun cancanci godiya: sun kwashe butar shayinsu suka koma ƙofar wani Baba makaho, ran Juma'a kuma su riƙe masa sanda zuwa masallaci. Yanzu shi ke raba musu gardamar kokowa.

Sai inda muka yi ɓarna. Ranar 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya, mun yi hayar rumfa da kujeru da lasifika. Babban baƙon da muka gayyata bai iso ba sai da rana ta take, jawabai kuma rabi da Faransanci. Iyayen namu suka yi ta gyangyaɗi, ba wanda ya ce su buɗe baki, aka sallame su da lemo mai ɗumi. Ina cikin waɗanda suka dage a yi bikin, don haka laifin har da ni. Kwamiti ya yanke cewa baɗi ba rumfa, kuɗin ya koma ga adaidaita.

Sabon Gari da Kurfayawa har yanzu ba mu da mai zagayawa, ga zafin Afrilu na tafe, lokacin da tsoho ke wuni randarsa ba ruwa. Duk wanda ke zaune can ya ba da sunansa ranar taro. Masu bashin kuɗin wata kuma sun san kansu, ma'aji ya ce wannan karon da littafinsa zai zo.

Magatakardan ƙungiya