A Tambaye Mu Kafin A Yi Talla Da 'Ya'yanmu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shirin nan naku na rediyo na safiyar Asabar shi ya sa na ture ɗinkin da ke gabana na ɗauki waya nake rubuto muku. Baƙon da kuka kawo ya shafe kusan sa'a guda yana koya wa masu makarantu yadda za su cika ajujuwansu ta Facebook da Instagram da TikTok. Ya ce su riƙa ɗaukar yara hoto kullum, suna karatu, suna wasa, suna cin abinci, wai fuskar yaro ita ke saurin jawo hankalin iyaye. Ya faɗi lokacin da ya fi kyau a ɗora, ya faɗi yadda ake biyan kuɗi a tura tallar ga mutanen unguwar da ake so. Na kasa kunne har aka yi sallama ina jiran ya ce a nemi izinin iyayen yaran. Bai faɗa ba, mai gabatar da shirin kuma bai tambaye shi ba. Wallahi raina ya ɓaci, domin abin da yake koyarwar nan a kan 'yata aka gwada shi.

Ni tela ce a nan Kaduna. 'Ya'yana uku, biyu suna wata makarantar kuɗi mai haɗa boko da Islamiyya. Ta tsakiyar shekararta tara, Allah ya hore mata murya da saurin hadda. A zangon da ya wuce aka yi musabaƙa ta cikin gida, ta zo ta ɗaya, aka ba ta Alƙur'ani da fulas ɗin abinci. Ranar har shinkafa da kaza na dafa. Na ga wani saurayi yana zagayawa da waya a kan sanda yana ɗauka, na zaci na tarihi ne, irin wanda makaranta ke ajiyewa.

Bayan kamar mako biyu na shiga Kasuwar Barci sayen zare da zif, tana riƙe da hannuna. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya tsaya ya kira ta da sunanta, har da sunan mahaifinta. Yarinya ta amsa, don haka muka koya mata, babba ya kira ka ka amsa. Na ce, bawan Allah, ina ka san ta? Ya yi murmushi ya ce, ai Hajiya 'yarki ta zagaye gari, masha Allah. Ya ciro wayarsa ya nuna mini. Ga 'yata nan tsaye da hijabin makaranta, bajon a ƙirjinta ana iya karanta shi, ƙofar makarantar a bayanta. A ƙasa an rubuta cikakken sunanta da ajinta, sai sunan makaranta da layin da take da lambar waya, sai sanarwar cewa an fara sayar da fom. Mutumin nan bai nufe mu da sharri ba, addu'a ma ya yi mata. Amma ƙafafuna sai da suka yi sanyi. Zaren ma ban saya ba, keke na tare muka koma gida.

Da dare na sa ƙanina ya nemo mini bidiyon. Shi ya nuna mini alamar cewa talla ce da aka biya kuɗi aka tura, shi ya sa ta kai ga dubban mutanen da ba su da alaƙa da makarantar. Na zauna na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Yawanci addu'a ne, Allah ya raya, Allah ya ƙara basira. Amma a cikinsu akwai magidanta masu cewa a ajiye musu ita, akwai mai tambayar wace unguwa take. Yarinya 'yar shekara tara, Malam Edita. Daren nan ban runtsa ba.

Washegari na je makarantar. Hajiya mai makarantar ta tarbe ni da fara'a, ta zaci godiya na zo yi. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni sai ta ce, haba 'yar'uwa, wasu iyayen roƙo suke a sa nasu. Ta sa aka ɗauko fom ɗin da na cike shekara uku da suka wuce, ta nuna mini wani layi can ƙasa, da Turanci, da ƙananan haruffa, wai makaranta na iya amfani da hotunan ɗalibai. Ga sa hannuna kuwa a ƙarƙashi. Ranar da na sa hannun nan ina tsaye ne a layi da goyo a baya, akawu yana cewa nan da nan da nan. Babu wanda ya karanta mini, babu wanda ya ce mini hoto yana nufin a biya Facebook kuɗi ya kai fuskar 'yata wayar duk namijin da ke Kaduna. In da an faɗa mini haka, da yardar Allah ba zan sa hannu ba, ko da kuwa za a ce in tafi da 'ya'yana.

Ƙanin nawa karatun lauya yake yi, shi ya wayar mini da kai cewa akwai doka a kan wannan. Dokar Kare Bayanan Jama'a ce, Shugaba Tinubu ya sa mata hannu a watan Yunin 2023, kuma ita ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa. Dokar ta ce kafin a yi amfani da bayanan yaro sai an sami yardar uwa ko uba ko mai riƙonsa, kuma wanda ya ba da yarda yana da ikon janye ta. Suna da hoto da aji duk bayanai ne. Dokar 'yancin yara ta 2003 kuwa ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. To ni da keken ɗinki nake cin abinci sai da bala'i ya same ni na san wannan. Shi baƙon naku da aka gabatar a matsayin ƙwararre, me ya hana shi faɗa? In bai sani ba bai cancanci kujerar da kuka ba shi ba, in kuma ya sani ya yi shiru to ya cuci masu makarantun ma, don ya tura su su taka doka.

Sai da na yi zarya sau uku, a na ukun mahaifinta ya bar aikinsa ya raka ni, sannan suka goge. Suka ce to shi ke nan ai an goge. Ina aka goge? Mutane sun riga sun sauke shi a wayoyinsu. Na gan shi a sitatus ɗin wata mai kawo mini ɗinki. Wata 'yar'uwarmu ta kira daga Zariya ta ce ta gan shi a TikTok a shafin wani daban. Wanda ya fi ƙona mini rai, wani marar tsoron Allah ya yanke sunan makarantar, ya rubuta cewa marainiya ce mai neman taimako, ya sa lambar asusunsa na banki. Ubanta yana raye, kullum yana fita nema da asuba. Mun kai ƙarar shafin ta yadda ƙanina ya nuna mana, an rufe shi, amma ban san ko nawa ne irinsa ba. Ita yarinyar yanzu in muka fita sai ta ja hijabi ta rufe rabin fuska. Rannan ta ce mini, Umma, ni ba zan ƙara shiga musabaƙa ba. Wannan maganar ita ce ta fi komai yi mini ciwo, don karatun Alƙur'ani take so kamar ranta.

Kuma a wace ƙasa muke? A jihar nan aka kwashe ɗaliban Afaka da na makarantar Bethel a 2021, aka kwashe yaran Kuriga a ƙaramar hukumar Chikun a watan Maris na 2024. Ba mu manta Ƙanƙara ba, ba mu manta Jangebe ba, ba mu manta 'yan Islamiyyar Tegina ba, wasunsu ko goma ba su kai ba. Ban ce hoton Facebook ne ya jawo waɗannan ba. Abin da nake cewa, mu iyaye kullum da fargaba muke sallamar yara da safe. Muna koya musu kada su bi wanda ba su sani ba. To yaya yarinya za ta gane baƙo in ya kira ta da sunanta da na ubanta, ya faɗi ajinta, ya ce Ummanki ce ta aiko ni? Duk abin da mugu ke buƙata makarantar ta tara masa a bidiyo ɗaya na minti guda, ta kuma biya kuɗi don ya gani.

Su kansu masu Facebook da TikTok ɗin sun ce sai yaro ya kai 13 zai buɗe shafi. Ostareliya ta yi doka a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe irin waɗannan shafukan. Can suna ƙoƙarin janye 'ya'yansu, mu nan ana koya mana a rediyo yadda za a tura 'yan nazare.

Akwai abin da baƙon naku bai gani ba saboda ba ya shiga aji. Wata malamarsu, wadda yaran ke ce wa Anti, tana kawo mini ɗinki, mun saba. Ita ta gaya mini an ɗora wa kowane malami ya kawo bidiyo duk mako, da wayarsa, da datarsa, bayan kuɗin data ya tashi tun farkon 2025, albashinta kuma ko kusa bai kai naira 70,000 da gwamnati ta yanka a matsayin mafi ƙaranci ba. Ta ce wani lokacin darasi guda cur yake tafiya a maimaita ɗauka, a sake, wancan bai yi murmushi ba, a sake. In za a ɗauka kuma akan zaɓi yara. Mai sabon yunifom da farin takalmi a gaba, wanda rigarsa ta koɗe a ce ya matsa baya ko ya fita ya ɗebo ruwa. Ni na san wannan gaskiya ne, don babban ɗana yana cikin waɗanda ake cewa su matsa. Ni na ɗinka masa rigar da hannuna, shekara biyu ke nan, ban sami halin sakewa ba. Yaro ba ya magana amma yana gani. Shi ne kuma ya gaya mini kwamfutocin da ake nunawa a tallar ba a yaye musu mayafi sai ranar da mai ɗaukar hoto zai zo.

Kada wani ya ce ina gaba da masu makarantu. Na san halin da suke ciki tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ga haya, ga dizal, ga iyaye irina da ke biyan kuɗin makaranta kashi-kashi. Na san in ba ka yi talla ba maƙwabcinka zai yi. Gurup ɗin WhatsApp na iyaye ma ina jin daɗinsa, lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu ta nan ake turo wa yara aiki, har yau ta nan nake sanin ranar hutu da ranar taron iyaye da malamai. Su yi tallarsu. Su nuna ginin, su nuna malamansu da takardun shaidarsu, su faɗi yawan yara a aji, su faɗi kuɗin makaranta a fili har da na littattafai da na bikin yaye ɗalibai, wanda kullum sai ka shiga ake gaya maka. In dole sai an nuna yara, a ɗauke su ta baya, ko a nuna hannuwansu suna rubutu. Wanda kuma ake so a nuna fuskar ɗansa, a kira shi, a zaunar da shi, a gaya masa da Hausa inda hoton zai je, a ba shi takarda daban ya sa hannu ko ya ƙi, kuma in ya ƙi kada a ɗaure wa ɗansa fuska a aji. Kuɗin makaranta muke biya. 'Yata ta kawo musu sababbin ɗalibai a zangon nan, Hajiyar da bakinta ta faɗa, amma ko sau ɗaya ba wanda ya ɗaga waya ya ce mini ga abin da muke son yi.

Roƙona gare ku, ku sake shirin nan. Ku dawo da baƙon, ku zaunar da uwa ko uba kusa da shi, ku gayyato wani daga hukumar kare bayanan ya yi wa jama'a bayani da Hausa, ya faɗi inda uwa irina za ta kai kuka. Masu makarantu da yawa sun saurare ku ranar nan, na tabbata wasu tun Litinin suka fara aiki da abin da suka ji. Ku kuka ba shi makirfo, gyaran ma a wuyanku yake. Na yi ta buga layin da kuke bayarwa tun ana tsakiyar shirin har aka gama, bai shiga ba, katina ne kawai ya tafi a gwaji.

Tun da na riga na rubuto, bari in faɗi wani abin da ya daɗe yana damuna. Tallan masu maganin gargajiyar nan da kuke sakawa da sassafe, don girman Allah ku duba shi. Ƙarfe bakwai ina shirya yara, rediyo a kan taga, sai mutum ya ɓarke da maganganun da ko a gaban sa'anninka za ka ji nauyin faɗa. Sau nawa ina tsallake kwanukan koko da gudu in kashe, ƙaramin yana tambayata mene ne wannan ciwon. Surukata tana zaune wata rana aka sako shi, na rasa inda zan sa kaina. In ba za ku iya daina karɓa ba ku mayar da shi bayan sha ɗayan dare, lokacin da yara suka yi barci.

Ina fatan za ku karanta wasiƙar nan a shirin Asabar mai zuwa, kada a yanke ta. Sunana da na makarantar na ɓoye ne saboda har yanzu yaran suna can, sai ƙarshen shekara zan iya cire su.

Wassalam.

Taku mai sauraro,
Wata uwa daga Tudun Wada, Kaduna