Zuwa ga abokan cinikinmu, bayan rasuwar Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da duk masu sayen burodi a wurinmu, muna godiya ga waɗanda suka halarci jana'izar mahaifinmu, wanda ya kafa wannan gidan burodi, da waɗanda suka tako ta'aziyya, da waɗanda suka bugo waya daga nesa. Allah Ya ba da lada, Ya bar zumunci. Shi kuma Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, in tamu ta zo mu cika da imani.

Da yawa daga cikinku kun riga mu sanin Baba. Da asuba yana bakin tanda, amma da hantsi sai ka neme shi ka rasa: ko ya tafi sulhu tsakanin maƙwabta, ko yana maƙabarta tare da dattawan unguwa ana gyaran kaburburan da ruwa ya zaftare. Duk shekara kafin damina ta kankama, shi ne na farkon fitowa da shebur don gayyar yashe kwatoci, har samari su ji nauyi su biyo baya. Yana kiwon tattabaru, kowace ya san ta da kamanninta. Rediyo ba ya barin gefensa. Ƙwallo kuwa ba a magana: a 2014, da Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa karo na uku a jere, duk yaron da ya gifta ta ƙofar nan sai da ya tafi da burodi a hannu. Littafin bashinsa da ajami yake rubutawa. Mun buɗe shi bayan rasuwarsa, muka tarar da shafukan lokacin kullen korona na 2020 da na ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 cike da sunayen da ya soke, ya rubuta "na yafe" a gefe. Bai taɓa faɗa wa ko ɗayanmu ba.

Abin da ya sa muka rubuto shi ne maganganun da ke dawo mana. Ana cewa tun da Baba ya rasu burodin ya ƙanƙance, ana makara da kai shi, wai 'ya'yansa na shirin sayar da gidan su raba kuɗi. Wannan ta ƙarshen ta yi mana ciwo ƙwarai, domin wasu masu yaɗa ta a tabarmarmu suka zauna ranar sadakar uku.

Ga yadda abin yake. Shekara da shekaru dillalinmu na kasuwar Singa yana sauke mana fulawa da sukari a kan maganar Baba kawai, babu takarda, sai mun sayar mu biya. Ko arba'in ba a yi ba ya aiko cewa daga yanzu sai kuɗi hannu. Ba ma ganin laifinsa, shi ma ya ce haka kamfani ke yi masa, amma wanda bai taɓa ƙin biya ba ai ya cancanci a ɗan ɗaga masa ƙafa. Kun san yawancin alkamar da ake niƙa fulawa da ita daga waje ake shigo da ita, don haka tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin buhu yake bin dala. Man fetur da ake saya ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ya haura naira 1,000 a 2024, kuma da shi babura da a-daidaita-sahun da ke kawo muku burodi suke aiki. Ga dizal na injin kwaɓi idan an ɗauke wuta, ga itace, ga leda, ga yis. Duk wannan tun Baba na raye ake fama da shi, sai dai shi mutuncinsa yana rufe giɓin. Yanzu ranar da kuɗi ba su cika ba, fulawa ba ta isowa da wuri, kwaɓi ya makara, burodi ya makara.

Amma mai kwaɓin da Baba ya koyar shi ne dai yake kwaɓawa. Sinadarin bromate da hukumar NAFDAC ta haramta, wanda wasu ke zubawa don burodi ya kumbura ya cika ido, bai taɓa shiga gidan nan ba, kuma ba a hannunmu zai shiga ba. Wanda ya ɗaga namu ya ɗaga na wani wurin zai ji bambancin nauyi. Gidan kuma ba na sayarwa ba ne.

Muna kan tattaunawa da wasu, akwai kuma gyare-gyaren da muke dubawa, in sha Allahu za ku ga canji nan ba da jimawa ba. Haƙuri muke roƙo.

Baba mai shayi na bakin tasha, wanda bai taɓa sa burodin wani a teburinsa ba tun muna firamare, mun gode. Hajiyarmu mai shagon cikin gida, wadda ta biya mu kuɗin mako guda kafin a kai mata kaya, Allah Ya saka da alheri. Alhajin Ringim da ke saro burodi a nan tun kafin a ƙirƙiri jihar Jigawa a 1991, muna ganin motarka ta rage zuwa, don Allah a leƙo mu yi magana.

Duk wanda yake bin Baba bashi, ko ya ba shi ajiya, ya same mu a gidan burodin bayan sallar la'asar, babban wanmu yana nan kullum.

Wassalam,
Iyalan marigayi da ma'aikatan gidan burodi