Wasiƙa kan tafiyarka farauta Afirka ta Kudu da bindiga

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan'uwa da ke nan Amurka. Saƙonka ya iso, na ga ka tsai da shawarar zuwa farauta Afirka ta Kudu da bindigarka ta kanka maimakon ka yi haya a can. To madalla. Sai dai ka sani hukuma uku za ka gamsar: kamfanin jirgi, jami'an Amurka, da 'yan sandan Afirka ta Kudu. Kowa da dokarsa, kuma duk inda suka saɓa, wadda ta fi tsanani za ka bi.

Takardu tukuna, don su suka fi cin lokaci. Tun da sauran makonni ka ɗauki bindigar, babu harsashi a ciki, ka kai ofishin kwastam na Amurka a cika maka fom mai lamba 4457. Jami'i zai duba lambar da ke jikin ƙarfen bindigar ya rubuta, ya buga hatimi. Kafin ka bar wurin, ka karanta lambar harafi bayan harafi ka gwada da ta jikin ƙarfen. Sifili da harafin O, ko 8 da B, su ke jawo rigima. Wannan 'yar takarda ita ce shaidar mallaka a Johannesburg, ita ce kuma za ta sa a bar ka ka dawo da bindigar Amurka.

Na biyu fom ɗin 'yan sandan Afirka ta Kudu, SAPS 520, na neman izinin shiga ƙasar da bindiga. Da baƙin biro ake cika shi, kuma kada ka sa hannu sai a gaban ɗan sanda a ofishinsu na filin jirgin O.R. Tambo da ke Johannesburg. Ka haɗa da kwafin fasfo, tikitin dawowa, da takardar gayyata daga masu dajin da za ka yi farauta. Ba sa yarda mutum ɗaya ya shigo da bindiga biyu masu cin harsashi iri ɗaya, kuma wanda bai kai shekara 21 ba ba a ba shi izini.

Sai harsashi, inda mutane suka fi yin kuskure. Dokarsu ta yarda da harsashi 200 ga kowace bindiga, amma jirgi kilo 5 kawai yake ɗaukar wa fasinja ɗaya, har da nauyin abin da aka zuba su a ciki. Harsashi ɗaya na samfurin da ake kira .30-06 yana kai giram 27 zuwa 28, ka ga 200 sun wuce kilo 5 tun ba a sa kwali ba. Na .375 kuwa ya haura giram 40. Sittin zuwa tamanin sun ishe ka har da na gwaji. Idan ku biyu ne, ba a haɗa kason mutum biyu a mazubi ɗaya, kowa da nasa. Ka bar su cikin kwalinsu na kamfani, ko akwatin roba mai rami-rami da aka yi don harsashi, yadda ɗaya ba zai taɓa gindin ɗan'uwansa ba. A warwatse cikin leda ko safa, ba za a karɓa ba. Rubutun da ke gindin kowane harsashi dole ya dace da wanda ke jikin bindigar. Garin albarushi da 'yan hulunan da ke tayar da shi ba sa hawa jirgin fasinja ko kaɗan.

A Amurka an yarda harsashi ya zauna akwati ɗaya da bindiga, amma ni ban ba ka wannan shawara ba. Jiragen cikin gida na Afirka ta Kudu suna son harsashi a ƙaramin akwati dabam mai kwado. Ka shirya shi haka tun daga gida, ka huta da kwance kaya a gaban kanta.

Akwatin bindigar mai tauri ne, roba mai kauri ko ƙarfe, da soso a ciki. Duk ramin kwado da ke jikinsa ka sa masa kwado, idan huɗu ne huɗu. Bayan ka kulle, ka sa yatsu ka ja kowace kusurwa. In ta buɗe har hannu zai iya shiga, za su ce bai kullu ba. Kwado mai dogon wuya shi ke jawo haka. Makullin yana aljihunka, ba ka ba kowa sai jami'in bincike ya nema. Ka zare sakatar bindigar, ka naɗe ta a tsumma, ka ajiye a gefe cikin akwatin, don duk wanda ya buɗe ya ga babu harsashi. Ita da gidan harsashi ba sa shiga jakar hannu. Madubin saiti kuwa an yarda ka riƙe shi. Duka akwatin kada ya wuce kilo 23, in ba haka ba za ka biya kuɗin ƙarin nauyi.

Ka sanar da kamfanin jirgi tun lokacin sayen tikiti, wasu suna son kwanaki kafin tafiya. Ranar tashi ka je da sauran awa uku ko huɗu, ka nufi kanta kai tsaye ka ce kana da bindiga marar harsashi da za ka bayyana. Za su ba ka ɗan kati ka sa hannu, a saka cikin akwatin. Kada ka wuce ciki nan take, ka tsaya kusa har a ce maka akwatin ya wuce bincike.

Wani abu da ake rainawa: jakar da ka saba zuwa daji da ita. Ka zazzage ta, ka laluba kowane aljihu, har na rigar sanyi. Harsashi ɗaya da ya maƙale a ɗinki ya isa a ci ka tara ko a tsare ka. A 2024 an kama Amurkawa masu yawon buɗe ido a tsibiran Turks da Caicos kan 'yan harsasan da suka manta a jaka.

Hanya kuma, in da hali ka hau jirgin da ba ya yada zango, kamar na Atlanta zuwa Johannesburg. Bi ta Amsterdam yana buƙatar izinin kwastam na Holan tun kafin ka tashi, ko da ba za ka taɓa akwatin ba. Idan ta Newark da ke jihar New Jersey ka bi aka soke jirgi, kada ka karɓi akwatin ka tafi otal da shi, ka ce kamfani ya riƙe, don dokokin New Jersey da New York ba su da sassauci. Batun da ka yi na biyowa ta Kano gaida su Hajiya a hanyar dawowa, ka raba tafiyar biyu. Takardun Amurka da na Afirka ta Kudu ba su ba ka izinin shiga Nijeriya da bindiga ba.

Da ka isa daji, kafin ka nufi dabba, ka harba uku a allon gwaji daga mita 100, don jifan da akwati ke sha a hannun masu lodi yana karkatar da saiti. Ranar dawowa ka wanke takalmanka tas, jami'an Amurka suna duba ƙasa da jinin da ke jikinsu. Izinin da 'yan sanda suka ba ka kuma ka adana shi tare da fasfo, za a neme shi lokacin fita.

Ka gaida uwargida da yara. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.

Naka,
Abokinka na kullum