Dariyar da aka yi wa sojojin Gurka ta taɓa kabarin mahaifina

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, tun daren Talata da aka gama shirin nan na gidan rediyonku a kan sojojin Gurka raina yake a ɓace. Sau bakwai na buga layinku ana cikin shirin, ban samu shiga ba, shi ya sa na zauna na rubuto. Baƙonku da kuka yi ta kira Dakta ya buɗe baki ya ce 'yan Nepal masu aikin soja a ƙasashen waje, wato Gurka, karnukan farautar Bature ne, duk wanda ya jefa musu ƙashi shi suke bi. Har sau biyu ya faɗa. Mai gabatarwa kuma ya yi dariya, ya wuce ga tambaya ta gaba. Wallahi dariyar nan ta fi maganar yi mini ciwo. Baƙo yana iya zuwa da ɗanyen baki, amma gidan naku ne, kuma ku aka ba amanar abin da zai shiga kunnen jama'a.

Mahaifina ɗan Boma ne, wato sojan da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Boma, Allah ya jiƙansa. A 1942 aka zo ƙasarmu neman kurata. Hakimi ya aika wa dagaci cewa ana son mutum kaza, dagaci ya duba gidajen da ba su da mai tsaya musu, ya nuna namu. Baba yana da shekara 19, ko Zariya bai taɓa zuwa ba. Aka aske su, aka koya musu fareti, aka zuba su a jirgin ƙasa zuwa Ikko, jirgin ruwa ya yi makonni da su kafin Bombay. A 1944 bataliyarsu na cikin bataliyoyin Najeriya uku da aka ɗauka ta sama aka sauke a bayan Japanawa, cikin rundunar Ingila da ake kira Chindit. A wannan dajin ya haɗu da mutanen da Dakta ya kira karnuka.

Tun ina yaro nake jin labarinsu, a zaure, bayan isha'i, yana murza ƙafafunsa da ke cike da tabon matsattsaku. Ya ce gajeru ne, ba su da yawan magana, kowa da lanƙwasasshiyar wuƙarsa a ƙugu. Abinci da laima ake sako musu daga jirgi, gwangwani ne iri-iri a haɗe. Shi Musulmi ba ya cin alade, su kuma ba sa cin naman shanu. Idan an raba, sai ya lallaɓa wurinsu da nasa gwangwanin, su shinshina, su miƙo masa nasu. Babu mai jin yaren wani, da hannu ake cinikin. Da damina ta kankama zazzaɓi ya kayar da shi a bakin wani rafi, ga ruwa ya kawo, ga alfadarai sun ƙi shiga. Wani Gurka ya ajiye kayansa, ya ɗaura madauri a goshi yadda suke ɗaukar kaya a garinsu, ya goya Baba ya haye da shi, ya koma ya ɗauko jakarsa da bindigarsa. Har Baba ya koma ga Allah a 1991 bai san sunan mutumin ba. Joni yake ce masa, don haka Turawa ke kiransu duka. Amma bai taɓa ba da labarin ba tare da ya ce Allah ya saka masa ba. Da ba don wannan bawan Allah ba, da ba a haife ni ba, balle in zauna gaban rediyo in ji ana zaginsa.

To idan shi kare ne, Baba mene ne? Kaki ɗaya suka sa, Sarkin Ingila ɗaya suka yi wa aiki, dukansu talauci da ikon sarakunansu suka turo. Duk gidan da ke da ɗan mazan jiya a Arewa, zagin nan ya shiga har tsakar gidansa.

Kuma abin da Dakta ya kasa faɗa shi ne yadda aka sallame su. Baba ya dawo a 1946 da lambar Boma, da littafin sallama, da 'yan fam-famai da ba su kai shi damina biyu ba. Daga baya takardun gwamnatin Ingila suka fito fili, aka ga kuɗin sallamar farabiti Bature ya ninka na baƙar fata kusan sau uku. Gadin shagon auduga ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Ni na raka shi wani ofis neman haƙƙinsa ina ɗan sakandare, muka wuni a kan benci, wani akawu ya juya littafin da yatsa biyu kamar ƙazanta, ya ce mu dawo wata mai zuwa. Mun koma sau huɗu. Littafin yana nan a akwatin ƙarfensa a ɗakina, gefensa duk gara ta ci.

Irin wannan wulaƙancin Gurka su ma suka sha. Tun 1815 Ingila take ɗibar su, tun ana cikin yaƙin da ta yi da Nepal. A 1947 aka yi yarjejeniya tsakanin Ingila da Indiya da Nepal, aka raba rundunonin, huɗu suka bi Ingila, shida suka zauna a Indiya. 'Yan Nepal 13 suka samu Victoria Cross, lambar jarunta mafi girma a sojan Ingila. Ɗaya daga cikinsu, Tul Bahadur Pun, a Mogaung ya samu tasa, a watan Yunin 1944, cikin rundunar Chindit ɗin nan da Baba yake. A 2007, ya tsufa ba shi da lafiya, ya nemi izinin shiga Ingila a duba shi, aka hana shi, wai ba shi da ƙwaƙƙwarar alaƙa da ƙasar. Sai da jama'a suka yi ca sannan aka janye. Sai a 2009 aka yarda waɗanda suka bar aiki kafin 1997 su zauna a Ingila. Fanshonsu kuwa har yau ana ja. A watan Agustan 2021 mutum uku, tsofaffin sojoji biyu da matar wani marigayi, suka yi kwana 13 suna yajin cin abinci a bakin titin Downing, ƙofar gidan Firayim Minista. Shiri na awa guda, ba a ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda ya ci gumin mutane aka bar shi, aka kama wanda aka cuta ana yi masa dariya.

Baƙon naku ya kuma yi ta nanata kalmar sojan haya. Wanda ake kira Dakta ya kamata ya san cewa kalmar tana da ma'ana a doka. Tana cikin sashe na 47 na ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977, kuma wakilan Najeriya ne suka gabatar da sashen, don mun ga aikin sojojin haya da idonmu a yaƙin basasa. Sashen ya fitar da duk wanda yake cikakken soja a rundunar ƙasar da ke yaƙin. Gurka yana da lambar soja, yana da rantsuwa, yana ƙarƙashin dokar soja, gwamnatinsa ta sa hannu kafin a ɗauke shi. A lokacin yaƙin Falkland na 1982 Ajantina ta yi musu wannan laƙabin don farfagandar yaƙi, ga shi yau na ji shi a gidan rediyon da nake sauraro shekara da shekaru.

Ban ce hannunsu tsarkakakke ne ba. Dakta ya kawo zancen garin Amritsar na Indiya a 1919, inda Janar Dyer ya sa aka buɗe wa taron jama'a wuta, kuma gaskiya ne akwai Gurka cikin masu harbin. Wannan abu ne mai muni, ba mai wanke shi. Amma in haka za a bi, su wa suka riƙe bindigogin da aka ci Kano da Sakkwato da su a 1903? Su wa suka shiga Satiru a 1906? Turawan 'yan kaɗan ne, sauran 'yan ƙasar nan ne, da yawansu da Hausa ake ba su oda. Wannan tabon muna da shi mu ma, kuma ban taɓa jin kun kira kakanninmu da sunan dabba ba.

'Yan Nepal da kansu suna wannan muhawarar, kuma sun fi mu sanin zafinta. Akwai masu ganin abin kunya ne ƙasa mai 'yanci ta riƙa tura 'ya'yanta su mutu a ƙarƙashin tutar wani. 'Yan tawayen Nepal masu bin aƙidar Mao sun sa rufe cibiyoyin ɗaukar Gurka cikin buƙatunsu a 1996, amma da suka hau mulki a 2008 ba su rufe ba, don sun ga ƙauyukan da fanshon soja ke riƙe da su. Duk shekara samari dubbai ke neman gurbi, 'yan ɗaruruwa ake ɗauka, bayan an sa su gudu a kan tsauni a Pokhara da kwando mai nauyi a baya. Ƙasa ce da kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na arzikinta. Da Indiya ta fito da tsarin Agnipath a 2022, na aikin shekara huɗu a sallami mafi yawa ba fansho, gwamnatin Nepal ta dakatar da ɗaukar 'ya'yanta. Mutanen da suka iya cewa a'a ga Indiya, su ne ake ce mana suna bin ƙashi?

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne yadda aka haɗa su a tukunya ɗaya da yaran da ake kaiwa Rasha. Waɗannan babu yarjejeniyar da ta rufe su. Dillalai ne ke karɓar kuɗin da iyaye suka ci bashi ko suka jinginar da gona, a yi musu bizar yawon buɗe ido, a yi musu alkawarin albashi da takardar zama ɗan ƙasa, bayan ɗan horo kaɗan a tura su bakin daga a Yukren. A watan Disambar 2023 gwamnatin Nepal ta roƙi Rasha ta daina ɗaukar su ta dawo da gawarwakin waɗanda suka mutu, a Janairun 2024 ta daina ba da izinin zuwa aiki Rasha da Yukren. Uwaye suna can suna jiran gawar da ba ta zo ba. Su ma ba karnuka ba ne, yara ne da aka yaudara. A unguwarmu ma akwai samarin da suka gama digiri suna zaune, kullum hannu a waya suna neman hanyar fita. Da kun yi shirin da hankali, da ya zama gargaɗi gare su.

Ina roƙon ka, ranka ya daɗe, a sake shirin. A nemo wanda ya san tarihin, a nemo 'ya'yan 'yan Boma, muna nan da yawa daga Katsina har Yola, da akwatunan iyayenmu. Mai gabatarwa kuma ya fito da bakinsa ya nemi afuwa a kan dariyar nan, a daidai lokacin da ya yi ta.

Tun da na riga na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Tallan mai maganin gargajiyar nan da kuke sawa dab da magariba, mai lissafa cututtukan ma'aurata da sunayensu ɓaro-ɓaro, a lokacin ne nake zaune da jikokina muna jiran labarai. Sau uku ina miƙa hannu ina rage murya a makon jiya. Ku mayar da shi bayan ƙarfe 10 na dare ko ku cire shi.

Idan kun shirya sake shirin, zan zo da littafin sallamar Baba da lambarsa, da kuɗin motata.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
tsohon malamin makaranta, daga Funtuwa