A kai ƙorafin sabunta manhaja inda zai yi aiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin jan hankalin masu haɗa manhajoji da masu amfani da su. Idan sabuntawa ta riga ta fita ga jama'a, sannan ta zo da matsala, ina ya kamata a kai kuka?

A Fedora, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), sabon kunshin manhaja yakan fara zama a rumbun gwaji, masu gwadawa su jefa masa ƙuri'a a tsarin Bodhi, +1 ko -1. Galibi +3 ke wuce da shi gaba, -3 kuma ta janye shi. To amma ƙuri'ar nan kafin fitarwa take da tasiri. Da zarar kunshin ya shiga rumbun kowa da kowa, sabobi a ƙasashe sun kwafe shi, kwamfutoci sun sauke. Wanda ya zo daga baya ya danna -1 ya tafi, ihu ya yi bayan hari.

Abin da ya dace shi ne ya buɗe rahoto a Bugzilla, shafin da Fedora ke karɓar rahoton matsalolin manhaja. Ya rubuta lambar sigar da ke aiki a da, da ta yanzu. Umarnin dnf history zai nuna masa su (dnf shi ne ke saukewa da sabunta manhajoji a Fedora). Ya kwafo saƙon kuskuren yadda yake daga journalctl, umarnin da ke nuna bayanan abubuwan da suka faru a kwamfutar, ya faɗi abin da ya danna kafin abin ya lalace. Ya gwada dnf downgrade, ya ce ko komawa tsohuwar sigar ta warware matsalar. Wannan gwajin kaɗai yana rage wa mai gyara rabin wahala. "Ba ya aiki" ba rahoto ba ne. Sai dai a yi hattara: idan sabuwar sigar ta sauya fasalin ma'ajiyar bayanai, tsohuwar ba lallai ta iya karantawa ba, don haka a adana kwafi tukuna.

Shi kuma mai kula da kunshin, goge sigar ba zai ceci waɗanda suka sauke ba, domin dnf lamba mafi girma yake bi. Ko tsohon aikin zai dawo da shi, dole ya ba shi sabuwar lamba da ta fi ta mai matsalar. Kada kuma ya kyari wanda ya yi ƙorafi a inda bai dace ba. Ya nuna masa hanya, ya haɗe rahotanni masu kama da juna wuri guda.

Ubuntu, wani nau'in Linux ɗin, tana fara kai sabuntawa ga kashi 10 cikin 100 na masu amfani, tana ƙarawa duk bayan awa 6, tana tsayawa idan rahoton faɗuwa ya ƙaru. Google Play ma yana da irin wannan saki kaɗan-kaɗan, kuma muna kira ga matasanmu masu haɗa manhajojin waya su riƙa amfani da shi, su kuma sa maɓallin kai rahoto cikin manhajar wanda zai tura lambar siga da samfurin waya da kansa.

Wassalam,
Wasu masu kula da manhajoji, Kano